Yadda Na Kai Albashinmu Damagaram

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da makullin sito, rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina, kuma da ana sake rana da ita zan fara sakewa. Ita ce ranar da abokan aikina suka ce in zaɓa musu banki, ni kuma na je na zaɓa wa kaina.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, wani furoje ne, wato shirin taimakon manoma, a nan Matameye. Muna ajiye irin gero da wake da taki, mu raba wa ƙauyuka kafin shuka. Ni ne magazinye, wato mai kula da sito. A samanmu akwai shef, wato shugaban ofis, da kontabul mai lissafi. Ƙananan ma'aikata kuwa su ne ni, da direbobi, da masu dako, da mai shara, da Lawali gardi, mutumin Kurni, mai tsaron ƙofa da rana. Da can a ambulan ake ba mu albashi. Kontabul ya kira ka, ka sa hannu ko ka dangwala, ka soke abinka a aljihu ka fita.

Sai umarni ya zo daga Yamai cewa an daina ambulan. Kowa ya buɗe asusu, kuma dukkan ƙananan ma'aikata a banki ɗaya, don a riƙa turo kuɗin a dunƙule. Shef ya ce mu zaɓi wanda muke so. Da yake ni ne babba, kuma na gama firamare, aka naɗa ni delege, wato wakili, aka ce in je in duba in kawo bayani.

Na fara da wani ƙaramin reshe da ke kusa da kasuwa. Ɗaki biyu ne, da benci, da fanka mai kuka. Daga ofishinmu kana iya zuwa da ƙafa ka dawo shayinka bai huce ba. Ina leƙa gishe, tagar da ake biyan kuɗi, sai na ga Nafi'u, ɗan yayar maiɗakina Rabi.

Ya ce, "Baba Mutari, sannu da zuwa. Asusu za a buɗe? Ya Inna?"

Na ce, "Lafiya lau take. Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ka."

A nan dole in faɗi gaskiya. Albashin da Rabi ta sani shi ne na shekarar da aka ɗauke ni aiki. An yi ƙari bayan ƙari, amma kowane ƙari a bakin zaure yake tsayawa, ya juya wajen mai tsire da mai shayi da mai gyaran babur. Na hango Nafi'u zaune a tsakar gidana ranar suna, yana cin tuwo yana hira har albashina ya fito daga bakinsa, sai na yi masa sallama na fice.

Kashegari na shiga mota sai Damagaram. Can na sami banki mai ƙofar gilashi, da sanyi kamar cikin randa, da na'urar da ke ba mutum lamba. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni a kujera mai laushi, ta kira ni Mushe Delege, wato Malam Wakili da Faransanci, ta ba ni hula da biro da kalanda. Ban tambaye ta abin da suke cirewa duk wata ba. Ban tambaye ta ko suna da reshe a wajenmu ba. Tambaya ɗaya na yi: "A cikin ma'aikatanku akwai ɗan Matameye?" Ta ce babu. Na ce to madalla.

Na tara mutane a gindin dogon yaro, hular a kaina. Na ce musu reshen kasuwa ba wurin ajiyar mutum mai mutunci ba ne, kuɗi ma zafi na lalata shi. Na ba su labarin gilashi da sanyi har Ila direba yana lumshe ido. Amma ainihin aikin tun kafin taro na gama shi. Na bi kowa a gefe na ce, "Kana so ranar da kuɗinka suka sauka, kafin ka kai gida unguwa ta ji?" Ashe ba ni kaɗai ba ne. Kusan kowa yana da nasa ƙarin da ke tsayawa a bakin zaure.

Lawali ne kawai ya yi magana. Ya ce, "Baba Delege, ni ƙofa nake tsaro. In na tafi Damagaram, wa zai tsaya?"

Ila ya ce, "Kai da matarka ke riƙe maka aljihu, ai kai ko a kasuwa aka yi shelar albashinka ba ka da asara."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa kada ya damu, tafiyar safe ce, kafin azahar mun dawo. Aka ɗaga hannu. Lawali ya ɗaga nasa daga ƙarshe, don kada a ce ya ware.

To ga sirrin da muka sayo. Duk ƙarshen wata sai mu sa manyan riguna mu nufi tasha a jere, don ba a shiga wurin gilashi da kayan aiki. Wata na biyu 'yan kamasho sun gane mu. Da sun hango mu sai su ce, "A buɗe wa masu albashi gidan gaba." Masu ba da saƙo suka fara jiranmu: wannan a sayo masa magani, waccan a sayo mata turare, in an dawo a yi lissafi. Da yamma kuwa, in mota ta sauke mu, sai ka ga ƙane da suruki da abokin da aka rabu da shi tun kaciya, kowa ya zo tasha shan iska. A zamanin ambulan mutum yana kwana biyu ba a gane ya karɓa ba. Mu muka mayar da abin biki, har da kuɗin mota daga aljihunmu.

Sannan wani lokaci ka je, na'urar cire kuɗi ta ce babu rezo, wato layin sadarwa ya yanke. Sai ka zauna a cikin sanyin nan da na yi ta yabo, kana rawar ɗari, da lamba a hannu.

Haka ta faru a farkon wata damina. Ruwan shuka ya sauka, mu kuma muka ce mu yi sammako mu dawo da wuri. Lawali ya ɗaure ƙofa da waya ya biyo mu. Rezo bai dawo ba sai bayan la'asar. A ranar manoman Tsauni suka zo da amalanke ɗaukar iri, kuma a ranar manya daga Yamai suka iso duba aiki ba sanarwa. Suka tarar da shef shi kaɗai a waje cikin manoma, yana kwance waya da hannunsa, makullin sito kuwa yana aljihuna a Damagaram.

Kowa aka ba shi takardar neman bayani. A aikinmu ita ce matakin farko kafin hukunci: ka faɗi dalilinka, a duba. Ila ya ce ya je neman kayan gyaran mota. Ni na ce a matsayina na delege na je tattaunawa da banki a kan wahalar da ma'aikata ke sha. Lawali ya ce, "Albashina na je ɗauka." Ga gardi kuwa, barin ƙofa ba izini shi ne babban laifi.

Aka tara mu a ofishin shef. Babban da ya zo daga Yamai ya ce, "Wa ya kai ku banki mai nisa haka, ga reshe a bakin kasuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikata ne suka zaɓa, da ɗaga hannu."

Ya juya ya ce, "Kai gardi, ka ɗaga?"

Lawali ya dube ni. Ban dube shi ba. Ya ce, "Na ɗaga."

Magana ɗaya ta isa a lokacin. In ce shi ne ya yi gargaɗi tun farko, ni na ce masa kafin azahar mun dawo. Da wataƙila an tsaya a jan kunne. Amma da na faɗa sai a tambaye ni dalilin ƙin reshen kasuwa, ga kontabul a zaune, matarsa kuma ƙawar Rabi ce. Na yi shiru. Aka sallami Lawali, ni aka yaba mini da kishin ma'aikata.

Ba a daɗe ba Yamai ta mayar da mu reshen kasuwa. Nafi'u ya yi ta biyana har na yi ritaya, bai taɓa furta komai ba, don ashe dokar aikinsu ta hana. Rabi kuwa, da na gaji na zaunar da ita zan yi mata bayani, ta ce, "Malam, huta. Matar kontabul ta daɗe da gaya mini. Jira nake in ga ranar da za ka gaji."

Lawali ya shiga ci-rani. Gadi yake yi a wani gida a Kano, ya bar iyali a Kurni, sai damina yake zuwa noma. Na taɓa tare shi a tasha na fara neman gafara. Ya riƙe hannuna ya ce, "Haba Baba Delege, ai ni ma na ɗaga hannu." Mota ta cika, ya shiga.

Ku da ke aiki yanzu, in za ku zaɓi banki ku tambayi nisansa, da abin da yake cirewa, da inda za ku nufa ranar da babu rezo. In kuma mutane suka wakilta ku, ku fara duba mai ƙaramin matsayi a cikinsu, wanda ba ya iya barin wurin aikinsa, don shi ake fara kora. Ina roƙonku kada ku yi yadda na yi. Ni na sami damar magana a gaban manya, na yi shiru, kuma 'ya'yan Lawali ne suka tashi ba sa ganin ubansu sai an yi ruwa.