Notuna Uku Na Akwatin Sitiyari

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Madina sun riga sun sani, sauran kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Abin da zai amfane ku, ku matasa, shi ne ku ji yadda abin ya faru, daki-daki.

A goye aka zo da ni ƙasar nan, ta hanyar Sudan. Na tashi a unguwar Al-Sih, na yi karatun allo da aji huɗu a makarantar hukuma. Daga nan mahaifina ya kai ni warsha, wato gareji, wajen wani bakanike mutumin Chadi mai suna Ma'allim Idrisa, a unguwar Bani Harisa. Motocin Amurka muke gyarawa, irin masu ƙofa biyu da dogon hanci da inji mai silinda takwas, waɗanda in an tayar da su har a ƙirji ake jin ƙararsu. A ƙarshen shekarun 1970 mutane suka koma sababbin motoci, aka jingine tsofaffin a bayan gidaje. Bayan ɗan lokaci sai wasu suka fara jawo su, suna so a mayar da su yadda suka fito daga kamfani, ba a canza ko noti ɗaya ba.

Ma'allim mutum ne mai tsari. Kafin a taɓa mota sai an samo kwali, an zana sashen da za a kwance, an huda ramuka. Duk notin da ya fito, a soka shi a raminsa. Ya koya mini yadda ake gane na asali: a fara duba kai, sannan zare, sannan tsawo, sannan launi. A kan na asali akwai harafin masana'antar da ta ƙera shi, da 'yan layuka uku ko shida. Mai layi shida shi ne mai ƙarfi, shi ake sawa inda rai yake, wajen sitiyari da birki da ƙafafu. Na shago kansa fili ne, ƙarfensa laushi ne. Zaren na Amurka da inci ake auna shi, na Japan da milimita, in ka tilasta wannan a ramin wancan zai yi zagaye biyu ya cinye zaren. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki ba a taɓa kama ni da ɓatan washa ba.

Farkon lalacewata ƙaramin abu ne. Wani noti na murfin taya ya faɗi a cikin yashi na neme shi na rasa. Maimakon in faɗa wa Ma'allim ya yi faɗansa ya gama, sai na ɗauko na shago, na shafa masa baƙin mai, na ɗaure. Mai mota ya zo ya duba ya yi godiya. Ranar na koyi cewa mutane ba sa duban kan noti.

Ana nan sai idon Ma'allim ya yi yana. Ya koma zama a kujera bakin ƙofa, aiki ya dawo hannuna. A lokacin ne wani dillali ya riƙa zuwa daga Jidda. Ya ce mini masu irin motocin nan a can wata uku suke jiran noti ya iso daga Amurka ta jirgin ruwa, kuma ba sa ciniki in sun samu na asali. Na fara ba shi na kujeru da na fitilu, waɗanda ba sa ɗaukar nauyi. Daga baya ya ce masu layi shida yake so. Na ce a'a sau ɗaya. Karo na biyu na karɓi kuɗinsa.

Ga yadda nake yi. In sayo na shago mai zare daidai da tsawo daidai. In ɗora shi a kan maƙera in sara masa layi shida da ƙaramin cizal, wato kurfi. In gasa shi a wuta in tsoma a tsohon man inji har ya yi baƙi. In soka shi a kwali a ramin na asali, don ko mai mota ya leƙo ya ga komai a jere. Tsarin da aka koya mini don tsare amana, da shi na ci amanar.

Mota bakwai na yi wa haka. Ta bakwai ita ce ta Alhaji Bakur, wani dattijo haifaffen Madina mai gonar dabino a Ƙuba, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina. Motar ta ƙaninsa ce da ya rasu ya bar 'ya'ya uku. Ranar da aka jawo ta ya dafa hancinta ya ce mini, "Ya waladi, ɗana, ba gudu nake so ba. Ina so yaran su shiga su ji ƙamshin ubansu. Kada ka canza mata komai." Na ce, "In sha Allahu, Baba." A wannan makon na cire notuna uku da ke riƙe akwatin sitiyari da shasi, wato gangar ƙarfen motar, na sa nawa. Aka wuce da motar wajen mai fenti da mai kujeru.

Ba ita ta tona ni ba. Wani mai mota ne ya dawo yana ƙorafin ƙafar baya tana ƙara. Ma'allim ya ce in kwance notin ƙafar in miƙo masa. Ba ya gani, sai ya murza babban yatsansa a kansa. Ya sake murzawa.

"Wa ya sa wannan?"

"Da shi ta zo, Ma'allim."

"Da shi ta zo? Layin kamfani tudu ne, yana tsikarin yatsa. Wannan rami ne. Ni makaho ne, amma yatsana bai makance ba, ya harami, ɓarawo."

Mai motar bai tsaya jin haƙuri ba, ya kira 'yan sanda. Aka samu cizal da gwangwanin mai da ragowar notuna a akwatina. A gaban alƙali aka ce laifina cin amana ne da algus, aka yanke mini ɗauri da bulala. Ya ce in lissafa motocin da na taɓa don a kira masu su. Na lissafa shida. Ta Alhaji Bakur na haɗiye ta, domin sauran na kujera ne da ƙafar baya, ita kuwa sitiyari ce, na san in na faɗa hukuncin zai ƙaru. Na ce wa kaina ai tana wajen mai fenti, ba a hawa ta.

Wata na biyar a kurkuku Ma'allim ya zo dubiya, surukinsa na riƙe da hannunsa. Ya kawo mini dabino da sabulu. Ya zauna yana ba ni labarin gari kamar ba ni na zubar masa da mutunci ba.

"Ka san Bakur ya karɓo motarsa? Ja wur, sai ka ce jiya aka sauke ta. Kullum yana zagaya gonarsa da ita kamar angon bana. Tsoho da shi, wai har da baƙin tabarau! Ranar Alhamis zai kai yaran ƙaninsa Yanbu su ga teku."

Ranar Talata ce. Na san hanyar Yanbu, na san kwane-kwanenta tsakanin duwatsu, na san yadda wannan injin ke ja. Na fara lissafi irin na marar kunya: wataƙila su riƙe, wataƙila ya tafi a hankali. Mai gadi ya ce lokaci ya yi. Ma'allim ya miƙe yana lalluben sandarsa.

"Ma'allim."

"Na'am?"

"Kada ya hau ta. Notunan akwatin sitiyari, duka ukun. Nawa ne."

Ya juyo. "Shida ka ce wa alƙali."

"Bakwai ne."

"Ka san abin da za a ƙara maka?"

"Na sani. Don Allah ka je Ƙuba yau."

Ya ce wa surukinsa, "Yalla, kama ni," suka fita.

Laraba ta wuce ban ji komai ba, Alhamis ma haka. Abinci ya ƙi shiga. Duk wanda aka kira a ƙofa sai in miƙe. Sai ranar Asabar aka ce ina da baƙo, na fito na tarar da Alhaji Bakur da kansa. Ya buɗe hankici a gabana. Noti ɗaya ya riga ya karye, rabinsa kawai aka zaro. Sauran biyun sun yi siriri a wuya kamar an ja alewa.

"Idrisa ya ce da ba mu wuce kwana ta uku a hanyar ba," in ji shi.

Na tambaye shi, "Yaran fa?"

"Suna gida suna fushi da ni, na hana su teku." Ya naɗe hankicin. "Ina so in tsine maka, wallahi ina so. Amma matata ta ce wanda ya faɗa ranar Talata ba ɗaya yake da wanda zai faɗa ranar Juma'a ba. Je ka, kai da Allah."

Na koma ɗaki na yi sujada. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na wannan rana ba, ga shi kuwa a makon aka ƙara mini wata takwas. Da murna na yi su. Notunan asali na motar ba a same su ba, dillalin ya ɓace. Wannan kam ba zan iya mayar wa marayun nan ba har in mutu.

Da aka sake ni Ma'allim bai mayar da ni warsharsa ba, kuma gaskiyarsa. Amma ya yi mini magana wajen wani mai facin taya a Ƙuba, a nan na sake farawa daga ƙasa. Na bi masu motocin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Biyar sun yafe, ɗaya ya rufe mini ƙofa, ɗaya ya rasu kafin in kai gare shi.

To, ku saurara. In ka ɓatar da abu a wajen aiki, ka faɗa a ranar, ka sha faɗan, faɗa ba ya kisa. In wani ya zo yana yaba maka abin da aka ba ka ajiya, ka tashi daga wurin. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, kuma akwai guda da ka ɓoye saboda ta fi sauran muni, ka sani ita ce wadda wani yake shirin ɗora 'ya'yansa a kai. Ni Allah ya ba ni kwana biyu, kuma saura kaɗan in bar su su wuce. Ban san ko nawa aka ba ka ba. Ka tashi ka je ka faɗa yau.