Tambayar da ta Hana Dada Sauka a Yola

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke wani kaya, amma ka sakaya sunana. A zamanin da Yola take cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ni ne matashin da ke zama a hasumiyar filin jirgin sama na Jimeta, ina yi wa matuƙa jirgi jagora ta rediyo. Ban daɗe da dawowa daga kwas ba, ga farar riga ta sha guga, ga Turanci a baki, ga kai ya kumbura. A Luggere, inda nake haya, yara cewa suke da hannuna nake sauko da jirgi, ni kuwa ban taɓa ƙaryata su ba. Mutum ɗaya ne duk duniya ke sa in rasa inda zan sa kaina, shi ne surukina, wani Modibbo, wato babban malami, na unguwar Wuro Hausa. Wanda ya san kunyar Fulani ya san abin da nake nufi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya takalmi nake tuɓewa in tsuguna.

Matarsa, wadda muke kira Dada, ta daɗe tana jinya a Kano. Da likitoci suka ce abin sai addu'a, ba ta roƙi komai ba illa a mai da ita ɗakinta, ta ga 'yarta, wato matata, mai tsohon ciki a lokacin, ta cika a cikin danginta. Aka sako ta a jirgin fasinja ita da ƙanwarta. Ranar kuwa ni kaɗai ke bakin aiki.

Bayan la'asar hadari ya haɗo ta kan kogin Binuwai, baƙi ƙirin. Matuƙin jirgin su Dada ya kira ni ya ce yana ganin zai iya rigan ruwan, na ba shi izinin sauka. Ga wanda bai sani ba, babu lokacin da matuƙi ya fi shan wuya kamar lokacin sauka. Idonsa na kan agogunan gabansa, yana kuma laluben titin jirgi cikin gajimare, hannunsa na kokawa da iska, mataimakinsa na karanto masa abubuwan dubawa, a saki tayoyi, a rage gudu. Ɗan sauran hankalin da ya rage masa shi yake saurarona da shi. Shi ya sa aka koya mana kada mu gaya masa komai a wannan gaɓa sai abin da zai taimake shi, kamar inda iska ta dosa da ƙarfinta. Rediyon kuma layi ɗaya ne, muddin na danna ina magana, ko ihu yake yi ba zan ji shi ba.

Ina cikin haka sai na ji sallama a bayana. Modibbo ne. Mai gadi almajirinsa ne na karatu, bai iya tare shi ba, ya hawo matattakalar nan da sandarsa yana haki. Na rasa yadda zan yi, in tsuguna ne ko in dubi allurar da ke nuna min iska. Sai na yi rabi da rabi, na duƙa da abin magana a hannu, allurar tana sama da kaina. Ya gaishe ni gaisuwar manya, wadda ba a katse ta, ina amsawa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, da Hausarsa ta mutanen Yola, "Tambayo min shi. Tsohuwa yana ciki? Yana numfashi?"

Na san amsar da ta dace, in ce ya yi haƙuri jirgi ya sauka tukuna. Kalmomin suna bakina, amma harshena ya ƙi ɗagawa. Gaba kura, baya sayaki. Na danna rediyo na tambaya. Matuƙin ya ce in dakata, a gajarce. Modibbo bai ji Turanci ba, ya ci gaba da kallona yana jira, kallon nan ya fi min bulala zafi. Na sake dannawa, wannan karon da dogon bayani, cewa akwai tsohuwa marar lafiya, mijinta na nan tsaye, a taimaka a duba ta. Ashe duk tsawon maganar nan shi ma yana kirana yana tambayar iska. Da na miƙe na dubi allura, iskar ta riga ta juya tana tura shi ta baya. Na faɗa masa, amma a makare. Ta taga na ga jirgin ya fito daga gajimare da gudu fiye da kima, ya ci rabin titi tayoyinsa ba su taɓa ƙasa ba, sai ya yi ƙara ya sake tashi. Yana tashi ruwa ya kece, ko ƙarshen titin ba a gani.

Ya yi ta shawagi yana jiran ruwa ya tsagaita har mansa ya ja baya, ya ce zai wuce Maiduguri. Kafin ya bar layina ya yi min magana ɗaya, ba faɗa ba zagi. Ya ce, "Tsohuwarka tana raye. Da ka bar ni, da yanzu tana hannunku." Na juya na gaya wa Modibbo rabin farko kawai. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya sa min albarka.

Dada ta rasu a Maiduguri washegari, a ɗakin asibitin da ba ta san kowa ba sai ƙanwarta. Hanya ta lalace da damina, kafin mu isa an yi mata sutura. Matata ba ta gan ta ba. A wurin aiki an ja min kunne, aka hana baƙi hawa hasumiya, magana ta mutu a nan. A gida kuwa kowa ruwan sama ya ɗora wa laifi. Na sani ƙasar da ta kira mutum can zai kwanta, wataƙila ko na yi shiru hakan za ta faru. Amma wannan "wataƙila" ba ta taɓa sanyaya min zuciya ba.

Ina jan kunnen duk wanda aka damƙa wa aikin da rayuka ke rataye a kai, ko rediyo ne, ko sitiyari, ko allurar asibiti. Kunya ado ce, amma akwai lokacin da cewa babba "a ɗan dakata" shi ne girmama shi. Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku a bakin irin wannan aiki, ku tausaya masa ku jira a ƙasa, don ba zai iya ce muku a'a ba. Ni ban iya ba. Duk Sallah in na je gaisuwa Wuro Hausa, Modibbo sai ya nuna ni ga baƙinsa ya ce wannan ne ya tambayo masa tsohuwa tana sama, labarinta na ƙarshe daga bakina ya ji. Har ya koma ga Allah yana sa min albarka a kan tambayar nan, ni kuma ina tsugune, kaina a ƙasa, ina cewa amin.