Magaribar Suleja a Tekun Ƙanƙara

Shekarun baya, lokacin ina ƙarasa digirina na biyu, na kamu da son wani teku da ban taɓa gani ba. Ku ji fa, ni da ruwa mafi girma da na sani shi ne rafin Iku idan damina ta yi nisa. Amma kullum ina ɗakina a unguwar Magajiya, an ɗauke wuta, gumi na tsiyaya, ni kuwa ina kan laftof ina ƙirga wasu 'yan halittu da ke rayuwa ƙarƙashin ƙanƙara, can ƙarshen duniya ta kudu. Kamar jatan landen da ake aunawa a kasuwa suke, ƙanana, ja-ja, amma su ne abincin manyan kifayen wajen. Idan ƙanƙara ta narke da wuri sai su ragu, idan suka ragu kowa a tekun ya shiga uku. Bincikena ke nan, kuma da bayanan da wasu suka tattaro nake yin sa.

Akwai wata farfesa a ƙasar waje da na addaba da tambayoyi ta imel. Rannan sai ga saƙonta, wai akwai gurbin ɗalibi ɗaya a jirgin ruwan bincike da zai yi wata biyu a tekun. Ta ce in aika da amsa cikin kwana goma, in ba haka ba a ba wani. Wallahi sai da na karanta sau biyar, na fita tsakar gida ba takalmi, na dawo na sake karantawa.

Saura amincewar mahaifina. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu, ya fi shekara talatin yana kiran salla, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Akwai na bango a masallacin, amma cewa yake batir ƙarya yake yi. Inuwar katanga yake dubawa ya san azahar da la'asar, magariba kuma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ga faɗuwar rana da idonsa.

Bayan la'asar na same shi kan tabarma a ƙofar gida, na durƙusa na yi masa bayani. Abin ya ma burge shi.

"Wato har irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa za ka gani?"

"Har shi, Baba."

Ya yi murmushi, yana gyaɗa kai. Da na ja bakina na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Amma ina! Daɗi ya kwashe ni, na ce, "Kuma Baba, abin mamaki, lokacin da za mu je rana ba ta faɗuwa sam. Zagaye kawai take yi a sama, makonni ba dare."

Jama'a, duk mutanen duniya a rasa wanda zan yi wa wannan burgar sai ladan.

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita, murya ta fara yin ƙasa.

"To magariba fa? Isha fa? Asuba kuma da me za ka gane ta, tunda ba dare?"

Shekara biyu ina karatun wajen nan, na san kaurin ƙanƙararsa, na san gishirin ruwansa, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Ya ce, "Wurin da Allah bai sa magariba ba, ban ga abin da ɗana zai je nema ba. In ka tafi, ba da yawuna ba." Ya naɗe tabarmarsa ya shige.

Mahaifiyata tana ji daga zaure. Ko tausayina ba ta ji ba, ta ce, "Wa ya aike ka? Kifi aka tambaye ka, ka ɗauko rana."

Gaskiya fasfo yana hannuna, ba mai tare ni a hanya. Amma na san kaina, ba zan iya hawa jirgin nan da wannan maganar a bayana ba. Na kawo masa bayanan malamai da na samo a waya, ya ce shi ba ya karɓar addini a waya.

Wani abokina yana da ɗakin sanyi a Madalla, inda yake ajiye kifin ƙanƙara yana sayar wa mata masu suya. Can na koma yini. Sai in saka rigunan sanyi biyu na gwanjo, in shige, in zauna kan kwali in rufe ido. Ƙugin janareta ya zama injin jirgi, tururin bakina ya zama hazon teku. Ina ganin duwatsun ƙanƙara farare da shuɗi-shuɗi suna wucewa a hankali, tsuntsaye na bin jirgi, ni kuma ina jan raga cike da 'yan halittuna. Sai abokina ya bubbuga ƙofa ya ce, "Malam, in ka iso tashar ka miƙo min katan biyu na sardin." Abin da na samu a wannan tafiya mura ce, ta sati guda.

Kwanaki na tafiya. A gida gaisuwa kawai ke haɗa mu da Baba. Na dai lura yana fita da hantsi, abin da ba ya yi, kuma idan ya tsaya duban inuwa yana ɗan janye hannun riga ya leƙa wani abu. Ban kawo komai a raina ba, baƙin cikina ya ishe ni. Ran kwana na takwas na rubuta wa farfesa saƙon ban haƙuri, na kasa turawa, na bar shi a nan.

Ran na tara, bayan azahar, Baba ya kira ni gindin katangar masallaci. Ya ce ya taka har Iku wajen wani tsohon malaminsa, sau uku, suna buɗe littattafai. "Ya ce ana ƙaddarawa. Ka bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana. Wannan shi ne hukunci, shi za ka bi."

Sannan ya janye hannun riga. Agogo! Irin na roba ɗin nan baƙi da ake sayarwa a tire. Ya kwance ya miƙo min, tare da wata takarda da ya ninke huɗu. Rubutun ajami ne da hannunsa, layi-layi. Ashe kwana bakwai ya yi yana duban inuwa, yana duban agogon, yana rubuta lokacin kowace salla. A ƙasa ya ƙara yadda rana ke jinkirin faɗuwa a watannin da zan yi tafiyar, daga abin da ya sani a ka.

"Wannan kuma ba hukunci ba ne, nawa ne. Kada ka juya agogon nan. In ya kai abin da na rubuta, ka san ina bakin ƙofa ina kira. Ko ba ka ji ba, ka amsa."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, a gaban masu alwala. Na goge wancan saƙon na tura wani.

Tekun ya fi abin da nake gani a ɗakin kifi, nesa ba kusa ba. Shiru ne da shi wanda ban taɓa ji ba, ga haske ko'ina, ba safe ba yamma. Amai na yi na kwana huɗu kafin in zama mutum. Sallolina na bi yadda malam ya ce. Amma kullum idan agogon roba ya kai shida da 'yan mintuna, nakan ajiye abin da nake yi in fita saman jirgi. Rana tana sama fetal, ƙanƙara na ƙyalli, ni kuwa ina jin ƙamshin ƙosan maƙwabciyarmu, ina jin ƙarar babura, ina jin gyaran muryar da Baba yake yi kafin ya fara kiran salla. Sai in amsa a hankali. Wata abokiyar aiki ta taɓa tambayata me nake kallo, na ce garinmu ne rana ta faɗi.

Da na dawo muka rubuta sakamakon binciken, aka buga a mujallar masana. A aikinmu darajar takarda ita ce masu bincike nawa suka ambace ta a nasu rubutun. Na zama kullum ina leƙa waya. Shekara ta zagayo, mutum huɗu kacal, ɗaya ma farfesar ce da kanta. Raina ya ɓaci, har na fara cewa wahalar banza na sha.

Baba ya ga na yi sukuku ya tambaya, na yi masa bayani yadda zai gane. Ya ce, "Huɗu? A ina suke?" Na lissafa masa ƙasashen. Ya jinjina kai.

"Ranar da ake ruwan sama da asuba, wani lokaci mutum biyu ke fito min. Ka taɓa ji na rage murya?"

Daga ranar na rage leƙen waya. Ba na cewa na daina, ɗan Adam ne ni.

Yau Baba ba ya duniya, Allah Ya jiƙansa. Ina koyarwa a Abuja, ina kwana a Suleja, har yanzu 'yan halittun nan nake ƙirgawa. Abin da na gane daga baya shi ne, mai binciken farko da na sani ba a jami'a na haɗu da shi ba. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana lura da abu ɗaya, da aka zo masa da abin da bai sani ba kuma ya taka da ƙafarsa ya je ya tambaya.

Sabon ladaninmu yaron kirki ne, a waya yake duba lokaci. Duk shekara idan watannin tafiyar nan suka zagayo, nakan fiddo takardar ajamin in duba. Wani lokaci kiran yaron yakan riga na Baba da minti biyu. Nakan amsa nasa, sannan in tsaya a bakin ƙofa da agogon roba a hannu, in jira na Baba.