Jifan da Ruwan Sama Ya Katse

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na tsuguna a wani lungu a Guangzhou, wani tsoho ɗan China ya auna ni da ƙwallo. Ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin mu 'yan Kano masu zuwa sari ba mu da yawa, har akan tsaya a titi a kalle mu. Ni sana'ata hula ce, irin mai baki a gaban nan da samari ke yayi, wadda muke kira hana-sallah. Na daɗe ina sayar da ita, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ta samo asali ba.

Shagon da nake sari a kasuwar Shahe na wata mata ne mai saurin magana, tana ɗan jin Turanci irin nawa, mai tafiya yana tuntuɓe. Laoban muke ce mata, wato mai gida. Mahaifinta kullum yana can ƙuryar shago bisa kujerar gora da butar shayinsa, ba ya kula kowa. Ni ma iyakata da shi gaisuwarsu ta nihau, in wuce.

Wata rana azahar ta same mu a shagon, ni da wani abokina mutumin Maraɗi da muke masauki ɗaya a titin Liuhua Lu. Muka shimfiɗa kwali. Akwai samfurin hula a kaina, sai na juya bakinta baya kamar yadda kowane yaro a Kano ya iya, na tayar da sallah. Ina sallamewa na ga tsohon nan tsaye a kaina. Ya nuna hulata, ya nuna ni. Sai ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya miƙo hannun hagu a buɗe yana wata magana da sauri. Na gyaɗa kai, don ban san abin da zan yi ba. Tsoho ya tafa hannu kamar yaro.

"Alhaji, lada ta biyo ka har China," in ji abokina. "Wallahi dattijon ga musulunta shika so ya yi."

Ni ma na fara ɗauka haka ne, har ina gyara murya. Laoban ce ta zo ta raba mu da mafarki, fuskarta cike da kunya. Ta ce hular nan ta wani wasa ce mai suna besbol, inda ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin maka ta da kulki, na uku yana tsugune a bayansa yana cafewa. Mai cafewar nan shi ke juya hularsa baya, don ya samu ya ɗaura ragar ƙarfe a fuska. Mahaifinta ya ɗauka ni ɗan wasa ne.

"Ka yi haƙuri da shi," ta ce. "Tun muna yara yake cewa ya taɓa bugawa wata ƙungiya a ƙasar waje, wai har albashi ake ba shi. Ba hoto, ba shaida. Mahaifiyarmu har ta rasu dariya take masa."

Ni kuwa Allah Ya yi ni da son jin ƙwaf. Na ce ta tambaye shi, ni ina so in ji. Ta yi tsaki, amma ta zauna tana fassarawa.

Ashe a wani tsibiri can yankin Amurka aka haife shi, inda mahaifinsa ya je neman abinci. A shekarun hamsin wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi mai jifa, kakar wasa ɗaya tak. Sun fara kakar da shan kashi, gari bayan gari, suna kwana cikin mota, 'yan kallo na jifansu da ɓawon lemo. Sai aka kawo musu sabon mai cafewa, baƙar fata dogo kamar ni, wanda ya gane hannun yaron nan ɗan China. Da yatsu kawai suke magana. Daga nan suka fara ci, suna hawa, har suka kai wasan ƙarshe da zai raba gardama. Ana dab da tashi, ƙwallo na hannunsa, abokinsa ya ba shi alama, sai sama ta ɓalle da ruwa. Aka ce a dawo a ƙarasa. Ba a dawo ba, don ƙungiyar ta watse, shi kuma mahaifinsa ya tattara su suka komo China, unguwar da ba wanda ya san wasan.

Na lura laoban tana fassarawa ne kamar mai karanta abin da ta haddace, idonta na kan masu shigowa shago. Abin ya sosa mini rai. Na ce ta gaya masa gaskiya, ni ban taɓa ganin wasan ba, sallah na yi, kuma a garinmu sunan hular ma mai hana sallah. Fuskar tsoho ta faɗi. Can kuma sai ya fashe da dariya har da tari. Da ya lafa ya kama hannuna ya juya shi yana dubawa kamar mai taya rago, ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Wai hannunka ya isa," in ji ta. "Yana roƙo ka zo ranar Lahadi da safe ka cafe masa." Ta sassauta murya. "Idonsa na mutuwa. Likita ya ce ba zai daɗe yana gani ba."

Abokina ya ce, "Kai dai ka cika neman magana. In ya fasa ma baki, mi za ka ce ma iyalinka?" Amma ranar Lahadi shi ya riga ni shiryawa.

A lungun bayan gidansu muka same shi, riƙe da wata safar hannu ta fata da ta bushe kamar kilishi, da ƙwallo mai tauri da ya yi baƙi. Ya sa mini safar, ya danna kafaɗata na tsuguna, sannan ya auna tazara da takunsa ya tsaya can nesa. Maƙwabta suka leƙo ta taga. Laoban ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Jifan farko ƙwallo ya faɗi a tsakiyar hanya ya gangaro. Na biyu ma haka. Wani a sama ya yi dariya. Tausayi ya kama ni, na faki idonsa na ɗan matso gaba a tsugune. Ashe ya gani. Ya daka mini tsawa, "Meyo! Meyo!" wato a'a, yana kora ni baya da hannu, har sai da na koma daidai inda ya ajiye ni. A nan na gane ba wasa ya kira ni ba. Idan hannunsa bai kai tazarar nan a gaban 'yarsa ba, zai makance a matsayin maƙaryaci.

Ya daɗe yana murza ƙwallon. Sai ya ɗaga ƙafa sama yadda ban zaci tsoho zai iya ba, ya juya jiki gaba ɗaya ya saki. Na ga ƙwallo ya nufo kafaɗata ta dama, na fara salati, amma a hanya ya karkata ya faɗa cikin safar da ke gaban ƙirjina da wata ƙara kamar an fasa faranti. Ni ban cafe komai ba, shi ya saka shi a ciki. Tafin hannuna ya yi kwanaki a kumbure.

Tsoho na tsaye yana haki, dafe da kafaɗa. Laoban ta sauke hannuwanta, ta taka a hankali ta isa gare shi, ta yi masa wata tambaya, hawaye na zubo mata. Daga baya na ce ta faɗa mini abin da ta tambaye shi. Ta ce sunan abokin nan nasa mai cafewa. Tun tana yarinya take jin labarin, ba ta taɓa tambaya ba.

Zuwana na gaba ya riga ya daina gani, amma na tarar da ita zaune kusa da kujerarsa, yana magana tana saurare, masu saye na jira. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da kumburin hannu: idan tsoho ya dame ka da labari ɗaya yana maimaitawa, ba mantuwa ce kawai ba, jira yake wani ya yarda da shi. Ka zauna ka tambaye shi tun yana nan.