Ɗinkin da ke ƙugun 'yar ruwa

Shekaru sun ja, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata.

A gidanmu na Gomari, mahaifina yana da wani tsohon katin gaisuwa na Turawa da ya tsinta cikin kayan gwanjo. Hoton jikinsa wata busasshiyar halitta ce, sama kamar mutum, ƙasa wutsiyar kifi. Muna yara muna tsoronta. Sai a jami'a na karanta cewa gawar biri ake ɗinkewa da kifi, a riƙa nunawa a wuraren wasa a matsayin 'yar ruwa.

Shekarar da rikici ya kori mutanen bakin tafki, ƙanwar mahaifina, Goggo, ta iso gidanmu ita kaɗai. Mijinta masunci ne. Ya shiga ruwa ranar da aka kai wa ƙauyensu hari, ba a sake ganinsa ba. Dangi suka ce ta shiga takaba, ta ƙi. A garinsu, in ji ta, wanda 'yan ruwa suka ɗauka ba a yi masa takaba, domin yakan dawo.

Da ta ga katin, sai ta karɓe shi ta ajiye ƙarƙashin matashinta.

Mahaifina ya ce mini, "Kai da ka yi boko, je ka faɗa mata hoton nan ƙarya ne, ko ta haƙura."

Na daɗe ina jinkiri. Na same ta tana gyaran kuɓewa, na yi ta kame-kame, har dai na ce, "Goggo, ina jin kamar biri ne aka ɗinka."

"Kana jin kamar?" Ta yi dariya. "Ɗan nan, makauniya ka ɗauke ni? Ga ɗinkin nan a ƙugu, ko zaren bai iya ɓoyewa ba. Amma wanda ya ɗinka, me ya gani da yake kwaikwayo?"

Ina da amsa. Amma na gane idan na faɗi sauran karatun da na zo da shi, takabarta za ta fara, kuma ban ga ni ne zan sa mata ranar ba.

Daga baya ta koma wajen 'yarta a Khaddamari da katin, can ta rasu. A sanina ba ta taɓa yin takabar ba, amma wata 'yar uwa ta ce ta yi a ɓoye. Wanda ya zauna da ita a can, don Allah ya aiko mini da gyara.