Ƙasimu Mai Amalanke, Buhunanka Sun Fito

Da an sallame sallar asuba, tun masu koko ba su gama damu ba, unguwannin bayan kasuwa a Birnin Kudu sukan ji ƙarar da suka saba da ita. Tayar amalanke tana kukan rashin giris, ga takun shanu biyu, sai wata murya mai kaushi: "A fito da shara! Kada rana ta riga mu!"

Malam Ƙasimu ke nan, ma'aikacin tsaftar gari na ƙaramar hukuma, da bijimansa biyu, Jatau da Duna. Yaran da ya tarar ana goyo lokacin da ya fara wannan aiki, yau su ne masu goyon nasu. Bijiman ba na farko ba ne, amma su ne suka fi daɗewa da shi, har ta kai ba sai ya ja igiya ba. Kowace ƙofa sun san ta. Su tsaya, a juye kwando, su yi gaba da kansu.

Abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan: ya kwashe, ya kai bayan gari, ya zubar. Da ya tsaya a nan, babu mai cewa ya ci amanar albashi. Amma mutumin ɗan manoma ne daga ƙasar Gwaram, ya tashi ya ga sharar gari gona take komawa, tun kaka da kakanni. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da abin da tsintsiya ta tattaro a tsakar gida, wannan ai taki ne, hatsin baɗi ne da bai riga ya tsiro ba. Matsalar ita ce sharar yanzu ba irin ta da ba ce. Leda ta shiga cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Don haka in ya isa gindin tsamiyar da yake juye kaya, sai ya naɗe hannun riga ya ɗauki manjagara. Abin da zai ruɓe gefe guda. Gwangwani da guntun ƙarfe gefe guda, na 'yan gwangwan. Roba da leda kuma ya tara wa masu kai su Kano a narka. Abin da manjagara ta kasa, yatsu ne suke yi. Ranar da kaya suka yi yawa, azahar a nan take samun sa.

Manoman ƙauyukan Surko da Kangire sun san bambancin. Takin Ƙasimu fartanya ba ta sarƙewa a cikinsa. Akwai wata baiwar Allah a Surko, Hawwa, mijinta ya rasu ya bar mata gona da ta gaji, ko ƙuduji da ƙyar yake fitowa. Rani bayan rani yana bi ta can yana sauke mata amalanke guda. Yau in ka ga dawarta sai ka rantse fadama ce. Ita da kanta take faɗa a gidan biki: "Ni ban san takin zamani ba, takin Baba Ƙasimu na sani."

Ba a rasa masu tsokana ba, garin Hausa ne. 'Yan acaɓa in suka zo wucewa sai su danna masa ham.

"Baba, a matsa da tirelar nan mana!"

"Ku wuce, 'ya'yana," in ji shi. "Za mu haɗu a gidan mai."

Kuma aka haɗu ɗin. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, babura suka yi layi, motoci suka kwanta, amalanken Ƙasimu bai ma san an yi ba. Harawa da dusa da ɗan jiƙon kanwa, shi ke nan injin ya tashi. Duk wanda ya ɗan zaga duniya ya ga garuruwan da suke da manyan motocin shara masu fenti, ya kuma ga bola ta kai tsayin soro a gefensu. A unguwannin Ƙasimu ko da damina lambatu ba ya toshewa.

Abu ɗaya ne yake hana shi sukuni, kuma kowa ya san shi. Jatau makwaɗaici ne. Ledar alale, ledar awara mai yaji, duk abin da ya taɓa gishiri da mai, in ya samu sai ya haɗiye. Ƙasimu ya saƙa musu takunkumin kaba, amma dole a cire su sha ruwa, dole a cire su ci abinci, leda kuwa iska ce take kawo ta har cikin garke. Ya sha zura hannu a bakin sa ya zaro ta. Wadda ya gani ke nan. Ya kuma san abin da ke tattare da haka: sa ɗaya ba ya jan karkiya. In Jatau ya faɗi, amalanke ya faɗi, aikin ma ya faɗi.

Shi ya sa ranar da Malam Iliyasu duba-gari ya zo masa da labari, ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ƙaramar hukuma ta fito da tsari. Kowane gida za a ba shi buhu ya rataye a bakin ƙofa, leda da roba a zuba a ciki tun daga gida, sauran shara a kwando. Tsari mai kyau, babu abin kushewa. Malam Iliyasu da mai unguwa suka bi gida gida suna bayani har muryarsu ta dushe. Buhunan kuwa masu kauri ne, sababbi dal, da koren layi a jikinsu.

Sai dai da kaka buhunan suka iso.

Wanda ya san Bahaushe da kaka ya san sauran labarin. An sussuke gero, an casa dawa, wake yana shanye a kan tabarma, kowa yana neman abin zubawa, sai ga buhu sabo ya shigo gida kyauta. Kwana kaɗan Ƙasimu ya zaga bai ga ko ɗaya a rataye ba. Ya tsaya ƙofar Inna Kulu, tsohuwar da kullum take ajiye wa bijiman ɓawon rogo, ya yi sallama.

"Inna, ina buhun hukuma?"

"Yana ɗaki, lafiyarsa ƙalau."

"Ai na leda ne, Inna. A ƙofa aka ce a rataye."

"Haba Malam Ƙasimu! Buhu sabo fil, ko ɓera bai taɓa shi ba, in zuba masa shara? Ai sai Allah ya tambaye ni. Gero na zuba."

"To ledar fa?"

"Ledar ai ga ka nan, Allah ya bar mana kai. Bari mu cinye geron tukuna, sai a rataye maka buhunka."

Ya yi dariya, don maganar ta ba da dariya. Haka ya ji ta a gidan liman, haka a gidan mai shayi, haka a gidan waɗanda suka yi boko har suka gaji. Babu wanda ya yi don mugunta. Kowa dai ya ga hatsi ya fi leda daraja, kuma ga mai tsincewa Allah ya ba su. Malam Iliyasu ya so a kai ƙara wurin mai unguwa a ci mutane tara. Ƙasimu ya ce a bari. "Mutumin da ya zuba abincin 'ya'yansa a buhu, me za ka ce masa? Gero ai ƙarewa yake yi. Mu jira."

Geron bai ƙare da wuri ba, shekarar an yi albarka.

Tsakiyar rani Jatau ya fara ramewa. Yana ci, amma haƙarƙari yana fitowa, ciki kuma yana kumbura. Daga nan ya daina tuƙa. Sa mai lafiya in ya kwanta bakinsa ba ya hutawa, shi kuwa sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ummussalma, matar Ƙasimu, ta ce kwanakin nan maigidan ko tuwo ba ya iya gamawa, yana ci yana leƙen garke. Aka kira malamin dabbobi, ya danna cikin, ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce abin ya daɗe yana taruwa, kuma san ba shi da ƙarfin da zai jure a tsaga shi. Wata safiya a bazara, ana tsakiyar zagaye, Jatau ya durƙusa a cikin karkiya, ya ja Duna ƙasa tare da shi. Aka yi aka yi bai tashi ba. Kafin ya zama mushe, aka kira Yunusa mahauci.

Ƙasimu bai tsaya ganin yankan ba, ya ja Duna ya koma gida. Waɗanda suka tsaya su ne suka ba da labari. Da Yunusa ya farke tumbi, abin da ya fito ba ciyawa ba ce. Leda ce, baƙa da fara, ta murɗe ta dunƙule kamar igiyar rijiya, sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga ta. Mutumin da ya yi shekaru yana fawa, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Bai jefar ba. Ya wanke ta, ya rataye a ƙusa a gaban rumfarsa, duk wanda ya zo sayen nama sai ya nuna masa da wuƙa.

"Alhaji, duba da kyau. Kowa ya zo ya ɗauki tasa."

Babu wanda ya yi dariya.

Malam Iliyasu ya yi ta faɗi-tashi a samo wani sa a haɗa da Duna. Ƙasimu ya gode masa, ya ce a'a. Horar da sabon sa aikin mai ƙarfi ne, sai an yi kokawa da shi wata da watanni, shi kuwa gwiwoyinsa sun riga sun ba shi sanarwa. Ya ajiye aiki. Duna ya ƙi cin abinci sosai, yana ta juyawa gefen da ɗan'uwansa yake kwanciya. Ƙanin Ƙasimu a Gwaram yana da san huɗa da ya rasa abokin karkiya, sai aka shirya Duna ya koma can kafin ruwa ya zauna.

Ranar tafiyar, da hantsi, Ƙasimu ya ɗaura wa Duna igiya zai kai shi inda mota take jira. Hanyar ta ratsa ta tsohon zagayensu. Suna isa ƙofar farko Duna ya tsaya cak. Babu amalanke a bayansa, babu kwando, amma ya tsaya yana jira a juye. Ƙasimu ya ja shi. Ƙofa ta biyu ya sake tsayawa. A nan ne Ƙasimu ya ɗaga kai ya gani. Buhu mai koren layi, a rataye, cike da leda. Na gaba ma haka. Layin gaba ɗaya haka, har kwana. Geron ya ƙare, kuma kowa ya ga abin da ke rataye a rumfar Yunusa.

Inna Kulu ta fito da ɓawon rogo a ƙwarya. Ta dubi san, ta dubi inda ɗayan ya kamata ya tsaya, sannan ta ce, "Malam Ƙasimu, na rataye."

"Na gani, Inna. Kin cika alkawari."

Ya bari Duna ya cinye ɓawon tas. Sannan ya shafa wuyansa ya ce, "To, ga buhunanmu sun fito. Mu je, mota tana jira."

Malam Ƙasimu, na Ummussalma, mai mayar da datti hatsi. Kai ne ka sa hannunka inda wasu ba sa iya sa ido. Kai ne ka ciyar da gonar marayu ba ka taɓa tsayawa a yi maka godiya ba. Kai ne aka ce ka jira a cinye gero, ka jira, jiran ya cinye maka sa, kuma har yau ba a ji ka ambaci sunan kowa ba. Ba a yi maka taro ba, ba a ba ka takarda mai hatimi ba. Abin da ya rage a hannun gari shi ne addu'a: Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa abin da ka tsince da yatsunka ka tarar da shi a mizani.

Yana nan da ransa, a ƙofar gidansa, amalanken yana jingine da katanga. Mai wucewa ya tsaya ya gaishe shi. Yanzu ma'aikatan tsafta ne suke bi da kurar turawa suna karɓar buhunan, su juye su mayar. Da-na-sani ƙeya ce, ba ta dawo da Jatau. Amma awaki suna nan suna kiwo a bola, gonaki suna nan suna jiran taki, kaka kuma tana tafe, an ce bana ma za a yi albarka. Don Allah, jama'a, in hatsi ya shigo, a nema masa wani buhun. Mai koren layin nan a bar shi a ƙofa.