Layi Ya Zo Kanka, Yaya

Ranar Talatar makon jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda kowa ke kira Injiniya, bayan fama da ciwon ƙoda. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Yaya, kai ka riƙa goya ni zuwa makaranta, kai ka koya mini duba agogo, kuma kai ne sarkin gardamar gidanmu. Ranar da ka gama tsara wa asibiti manhajar kwamfutar da ke jera masu jiran wankin ƙoda, ɗakin Umma ka shigo kana cika baki, wai an gama da alfarma. Umma ta ce, “Abin da bai san tsoron Allah ba, ina zai san adalci?” Ka yi dariya ka ce, “Umma, ai ba ta tsoron mai kuɗi ma.”

Sai ciwon ya kama ka, manhajarka ta jefa ka can ƙasan layi. Na zauna bakin gadonka ina kallon ƙafafunka da suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Na roƙe ka, na yi kuka, har rashin kunya na yi maka. Lambar sirrin manhajar tana kanka, abu ɗaya za ka taɓa ka hau sama. Ka ce, “Ƙanwata, manhajar ba za ta tona ni ba. Amma wanda na ture, gobe kiyama ni zai shaƙe, ba kwamfuta ba.” Ashe duk gardamar nan, a ɓangaren Umma kake tsaye. Wallahi har yau ina jin haushinka, kuma na rasa inda ka yi kuskure.

Washegarin ranar da aka binne ka, wayarka ta yi ƙara a kan tebur, kusa da tabaraunka. Saƙon asibiti ne: layi ya zo kanka, kada ka makara. Umma ta ce, “Ba wanda ya gaya wa manhajar?” Kullum da safe saƙon yana sake shigowa, ita kuma Umma ta hana a kashe wayar.

Amma akwai wani a bayanka, Yaya, yana jiran gadon da aka ajiye wa mamaci. Gobe zan je da kaina a cire sunanka.

Allah ya ba Umma da matarka Anti da yara haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka shiga Aljanna ba tare da jiran layi ba.